Abin da Ke Kai Bilyaminu Kano

A shekarun farko na Shari'a a Zamfara, lokacin da aka rufe gidajen giya, mashaya suka koma shan shayi ko suka bar gari, da wuya mutum ya yi tuntuɓe a Ƙauran Namoda ba a ba da labarinsa ba. Kowa ya zama ido. Sodangi na cikin masu idon da aka yarda da su. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya ajiye aiki ya koma gonar dawa, kuma da 'yan unguwa suka kafa ƙungiyar agaji don sa ido kan masu saɓa doka, shi suka sa gaba saboda ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba.

Wata ranar Asabar bayan la'asar, Audu, ɗaya daga cikin 'yan agajin, ya same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya gaishe shi, ya zauna, ya yi ta kame-kame kafin ya fito da abin da ya kawo shi.

"Malam Sodangi, ƙanenka munka gani tasha. Ya sauka motar Kano yana tangaɗi. Sai da ya dafa bango, ya yi amai. Kuma ba yau anka fara gani ba."

"Bilyaminu?"

"Shi. Yara na son su kama shi, ni na hana. Na ce a bari in faɗa maka tukuna."

Sodangi ya ajiye ƙotar. Ko wata biyu ba a yi ba da aka shimfiɗe wani direba a filin kotu aka yi masa bulala tamanin a gaban jama'a, kuma shi kansa yana wurin. Ya ce wa Audu a ba shi lokaci, in abin ya tabbata, shi da hannunsa zai kai shi.

Bilyaminu ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bayan rasuwar mahaifinsu Sodangi ne ya riƙe shi har ya yi masa aure. Fataucin shanu yake yi. Ranar Alhamis ya saya a kasuwar Shinkafi, wani lokaci a Moriki, ya loda zuwa Kano. Zuwa Kano ba sabon abu ba ne a wurinsa. Abin da ya zama sabo shi ne yanzu yana tafiya ko da kaya ko babu, kowane mako, kuma shanunsa da ke hannun wani Bafulatani a dajin Zurmi sai raguwa suke yi, ba a ganin abin da ya maye gurbinsu.

Washegari Sodangi ya je gidan. Bai tarar da shi ba, sai matarsa Mardiyya tana tankaɗe. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma nesa ta durƙusa. Tambaya ɗaya ya yi mata, sai ga hawaye.

"Yaya, ni ban san mi zan ce ba. Ya bar cin miyata, wai gishiri. Ya hana ni sa kanwa. Fura in na dama, kurɓa ɗaya yake yi ya ture, kamar mai tsoron an sa mishi wani abu. Ruwa ma da ɗan kofi yake sha."

"Sai mi kuma?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba ya tuɓe riga gabana. Rannan yana barci hannun rigar ya janye, na ga hannunsa na hagu duk sawun allura, jijiyar ta kumbura kamar igiya. Ga ramewa, ga duhun da ya yi. Mata sun fara cewa ciwon zamani ne ya kwaso a Kano. Ni dai na koma ɗakin yara."

Sodangi ya fito. Ya zo da zargi ɗaya, ya koma da uku: giya, allurar maye, ƙanjamau. A bakin masallaci ya ci karo da Bilyaminu, ya riƙe hannunsa ya daɗe yana gaisawa, yana matsawa kusa don ya shaƙi numfashinsa. Ya san warin burkutu, ya san na kwalba, aikin reluwe ya nuna masa duka. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Wani wari ne mai kama da na makewayi.

"Lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya. Gajiyar hanya ce."

"Mi kake kaiwa Kano, tunda ba shanu?"

"Harka ce, ba ta nuna ba tukuna."

Ya faɗi haka yana kallon wani wuri, kuma Sodangi ya san wannan kallon tun Bilyaminu na yaro.

Ranar Juma'a da sassafe Bilyaminu ya shiga motar Kano, ya tarar da yayansa zaune a kujerar baya da 'yar jakarsa a cinya. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Shigo mana," in ji Sodangi. "Ni ma ina da sha'ani can."

Suka wuce Gusau, suka wuce Tsafe. Sodangi na satar kallonsa. Fuskar ta kumbura, idanun sun ƙanƙance, ƙafafun sun cika takalmi har fatar ta tsattsage. A Malumfashi da aka tsaya, rana na dukan mutane, kowa ya sayi ruwa ya ɗaga, shi kuwa Bilyaminu ya jiƙa leɓe kawai ya rufe gorar. Da suka sauka a Kano ya ce zai je ya ga wani dillali, su haɗu da yamma, ya hau ɗan acaɓa. Sodangi ya tsayar da wani ya ce a bi shi.

Ya sa rai za a kai shi Sabon Gari. Sai ga su a ƙofar babban asibiti.

Ya bi shi daga nesa ta dogayen barandu har wani ɗaki a can ƙurya. Ya ɗan jira, sannan ya tura ƙofa. Abin da ya gani ya sa ya yi salati da ƙarfi har kowa ya waiwayo. Mutane ne kwance a jere, kowa da wata na'ura mai tsawon mutum a gefensa, kuma daga hannun kowa jini na fita a cikin siririyar roba, ja wur, yana shiga na'urar. A gado na ƙarshe Bilyaminu ne, an naɗe masa hannun riga, wata ma'aikaciyar jinya na manna filasta a kan allurai biyu masu kauri.

"Ku tsaya! Wa ya ba ku izinin ɗibar jininsa?"

Bilyaminu ya rufe ido. Ma'aikaciyar, wata doguwar mace mai tabarau da aka rubuta Zuhura a ƙirjin rigarta, ta ƙarasa abin da take yi ba tare da gaggawa ba, sannan ta juyo.

"Baba, cire takalmi ka zo nan. Ba ɗiba muke yi ba, wankewa muke yi."

"A wanke jini? Tufa ne?"

Ta jawo masa kujera, bai zauna ba. Ta ce ƙodojin ƙanensa biyu sun daina aiki, hawan jini ne ya cinye su a hankali ba tare da ya sani ba. Aikin ƙoda shi ne ta tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa su zama fitsari. In ta tsaya, dattin sai ya taru a jiki ya zama guba, ruwan ya cika ƙafa da fuska har ya kai huhu.

"Shi ne warin da kake ji a bakinsa. Wannan injin yana yi masa aikin da ƙodar ta bari."

Ta nuna masa da yatsa. Jini na fita ta allura ta farko, wata 'yar taya mai juyawa tana tura shi, ya shiga wani bututu mai kaurin rake. A cikin bututun, in ji ta, akwai zarurruka dubbai, sirara kamar gashi, kowanne da rami a tsakiya. Jinin na bi ta cikinsu, wani ruwa mai tsabta da aka haɗa da sinadarai na bi ta bayansu. Jikin zaren na da ƙofofi ƙanana ƙwarai. Datti da ruwa na iya ratsawa su fita, ƙwayoyin jini ba sa iyawa.

"Kamar tatar gasara ne, Baba, sai dai mu abin da ya tsaya a cikin ƙyallen shi muke so. Ga shi nan yana komawa ta allura ta biyu. Abin da ke waje a lokaci ɗaya bai fi cikin kofin shayi ba."

Sodangi ya saurara, amma bai saki jiki ba. A Ƙaura an sha ba da labarin asibitocin birni inda ake zuƙe jinin talaka a sayar wa masu kuɗi. Ya zagaya bayan na'urar, ya ga wata roba ta daban ta bi ƙasa ta shige bango.

"Wagga fa? Ina ta nufa?"

"Magudana."

"A buɗe in gani."

Wani majiyyaci ya yi dariya. Zuhura ba ta yi ba. Ta ɗauko kwano ta tara masa. Ruwa ne garau, da ɗan rawaya kaɗan. Ya kai shi bakin taga, ya karkata shi a haske, ya nemi ɗigon ja bai samu ba.

Ya zauna, amma idonsa na kan robar har aka gama. An ɗauki wajen awa huɗu. Can tsakiya ƙafar Bilyaminu ta ɗaure, ya ciji leɓe, na'urar ta yi ƙara, Zuhura ta zo ta taɓa wasu maɓallai. Ta kama hannun Sodangi ta ɗora a kan kumburarriyar jijiyar, ya ji tana zir-zir kamar layin dogo in jirgi na tafe daga nesa. Ta ce likitoci ne suka haɗa jijiyoyi biyu a wurin don hanyar ta yi faɗi ta ɗauki allura, kada a ɗaura masa komai a hannun, kada ya kwanta a kansa.

Da aka cire alluran aka ɗora Bilyaminu a sikeli. Ta faɗi nauyinsa, ta ce ya ragu da kusan kilo uku daga yadda ya shigo. Sodangi ya miƙe tsaye.

"To, ga ta nan! Kin ce ba ku ɗauki komai ba. Ina sauran ƙanena?"

"Ruwa ne, Baba. Fitsarin mako guda ne da bai yi ba. Shi ya sa in ya tashi jiri ke ɗibarsa, ga doguwar hanya a kai. Kamata ya yi a ce sau uku yake zuwa a mako. Sau ɗaya yake iyawa, shi ya sa muke cire da yawa a zama ɗaya, kuma hakan na wahalar da zuciya."

Suna shirin fita wani likita mai furfura a gemu ya shigo. Ya dubi Sodangi, ya dubi Bilyaminu, ya sake duban Sodangi.

"Wannan kama da juna ta yi yawa. Malam, me kake gare shi?"

"Yayansa ne ni. Ciki ɗaya."

"Ikon Allah. Ai ce mana ya yi ba shi da kowa sai tsohuwa."

Maganar ta soki Sodangi fiye da duk abin da ya gani a ranar. Likitan ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Injin riƙon ƙwarya ne, ba ya warkarwa. Amma yanzu an fara dashen ƙoda a ƙasar nan. Mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya, kuma ta ɗan'uwa na jini ita jiki ya fi karɓa. Ba dole, in ji shi, ya je ya yi tunani.

Sun kwana a masaukin fatake, da safe suka kamo hanya. Sai bayan Gwarzo Sodangi ya yi magana.

"Ba ka da kowa, ko?"

"Yaya, da na ce ina da kai, da sun ce in kawo ka. In ka ba ni, wani abu ya same ka, mi zan ce wa 'ya'yanka? In ka hana ni, da wane ido za mu dubi juna? Gara a ce mashayi ne ni."

Maganar ta ratsa Sodangi. Amma kafin su kai Tsafe wani tunani ya fara cin sa. Bilyaminu ɗan kasuwa ne, ya san yadda ake jan mai saye ba tare da an kira shi ba. Me ya sa bai sauya mota ba da ya gan shi a ciki? Me ya sa ɗan acaɓansa ya yi ta tafiya a hankali? Likitan kuma, haka kawai ya faɗo daidai lokacin da za su fita? Ya dubi ƙanensa da ke gyangyaɗi, kai na bugun gilashi, ya yi istigfari. Tunanin bai tafi ba.

A gida ya kira Audu da sauran 'yan agaji ya faɗa musu gaskiya, ya je ya faɗa wa Mardiyya. Ta yi kuka, ta kwashe kayanta ta mayar ɗakin mijinta a ranar. Matar Sodangi, Kyauta, kuwa, da ta ji zancen ƙoda, sai ta ajiye muciya.

"Malam, kai da ba ka yarda da mai awo sai ka duba tiya, kai za ka kwanta a sa maka maganin barci? Wa zai tsaya ya ga inda anka kai ta? Su cire su sayar wa wani attajiri, shi su ɗinke shi wofi, in ya mutu su ce kwana ya ƙare."

"Na ga mutanen nan da idona, ba su yi kama da haka ba."

"Ɓarawo da kama yake zuwa?"

Ya je wurin limamin unguwa. Liman ya ce malamai sun yi magana a kai, da yawansu sun halatta in kyauta ce ba ciniki ba, kuma in ba za ta halaka mai bayarwa ba. Sodangi ya fito yana jin kamar an ƙara masa kaya. Sai a lokacin ya gane cewa ya je ne da fatan a ce haramun ne.

Duk da haka ya tafi asibitin Kano a gwada shi. Aka ɗebi jininsa, aka karɓi fitsarinsa, aka ɗaura masa abin awo a dantse har sau uku, likitan na girgiza kai. Da sakamako ya fito ya kira shi shi kaɗai.

"Malam Sodangi, ba za mu taɓa ka ba. Ciwon da ya kayar da ƙanenka kai ma kana ɗauke da shi. Jininka ya hau sosai, kuma taka ƙodar ta fara nuna alama. Biyun ma lallaɓa su za mu yi."

Ya ba shi magani, ya hana shi gishiri. Sodangi ya fito baranda, ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, nan take kuma kunya ta rufe shi. Ya sami Bilyaminu a kan gado, jini na zagayawa, ya faɗa masa.

Bilyaminu ya daɗe yana kallonsa. "Haka likita ya ce?"

"Haka ya ce. In kira shi ka ji da kunnenka?"

"A'a, Yaya. Na yarda."

Ya juya fuska wajen bango. Sodangi ya so a ce Bilyaminu ya bari an kira likitan.

Daga nan kowane mako tare suke tafiya. Sodangi ya bar aikin agaji, ya ce ba shi da lokaci. Ya koyi auna wa ƙanensa ruwa, ya koyi gane kumburin da ke iya jira da wanda ba ya jira. Shanun suka ƙare, aka sayar da fili, shi ma ya sa gonarsa ta fadama a kasuwa ba tare da ya shawarci Kyauta ba. Tafiyar mako-mako ta koma ta bayan mako biyu. Zuhura ta daina yi musu faɗa, sai dai ta dube su ta ce Allah ya kawo sauƙi.

Cikin damina ta biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yanke, motoci suka tsaya kwanaki. Bilyaminu ya kumbura har ba ya iya kwanciya, a zaune yake numfashi da ƙyar. Ranar da hanya ta buɗe Sodangi ya ɗauki shatar mota. Sun wuce Gusau kaɗan Bilyaminu ya jingina kai a kafaɗarsa, ya yi kalmar shahada, ya cika. Direban ya juya da su.

A wurin zaman makoki Sodangi ya ji abin da ake raɗawa. Wasu ba su bar zancen ciwon zamani ba. Wasu sun ce injin ne ya shanye shi. Amma wanda ya fi yawo shi ne cewa an nemi ƙoda wurin yayansa ya noƙe, ya haɗa baki da likita. Bai tanka wa kowa ba.

Bayan addu'ar bakwai ya tafi Zurmi wurin mahaifiyarsu, wadda tsufa ya hana ta zuwa. Ya same ta a tsakar gida tana ɓarzar gyaɗa a faifai. Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a. Sannan ta ɗago.

"Sodangi, tsakaninka da Allah, likita ne ya hana ka?"

"Wallahi, Inna, shi ya hana. Ga ma maganin da nake sha."

Ya laluba aljihu zai fito da shi, ta ɗaga hannu.

"Bar shi. Da bai hana ba fa?"

Ya shekara yana yi wa kansa wannan tambayar a cikin mota, zuwa da dawowa, bai taɓa samun amsar da ta kwana biyu ba ta sauya ba.

"Ban sani ba, Inna."

Ta dube shi da idanunta da suka fara yana. Ta tura masa faifan gabansa.

"To. Kama mini, hannuna ya gaji."

Ya gyara zama a kan tabarmar ya shiga ɓarza, har aka kira azahar.